Haƙora Bakwai da Suka Rage wa Odongo

Madiany, Uyoma
9 ga Fabrairu, 2003

Yuora, wan mijina Barnaba Opiyo,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mombasa da zafinta, yaya matarka Selina da yara? Mu nan lafiya lau, sai dai kainuwa ta rufe bakin tafki har jirage ba sa iya fita. 'Yarmu Awino ta sauka, an sami namiji.

Ni ce Nyasembo, matar abokin tagwaitakarka. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tun da rabonka da gida shekara goma sha biyu ke nan, tun jana'izar Mama. Odongo bai san na rubuto ba. In ya sani gidan nan ba zai zaunu ba.

Maganar minsharinsa ce. Ka san shi dai, tun ina amarya maƙwabta ke tsokanata wai an kawo mana injin niƙa. Wannan ban damu da shi ba, na saba. Amma yanzu yana cikin yi sai ya yi ɗif, ƙirji yana motsi, iska ba ta shiga. Ina ƙirgawa, wani lokaci har arba'in, sannan ya zabura kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Da rana kuma barci ko'ina. A coci barci, ana cikin hira barci. Watan jiya yana sassaƙar jirgi barci ya ɗauke shi da gizago a hannu, ya sari ƙwaurinsa, ɗinki shida.

Da ƙyar na ja shi asibiti a Kisumu. Ya kwana can, suka maƙala masa wani abu a yatsa. Likita ya ce in ya yi barci harshensa ke komawa baya ya toshe maƙogwaro, zuciyarsa tana gajiya, kuma in aka bar shi haka wata rana ba zai farka ba. Akwai na'ura mai hura iska, amma sai da lantarki, mu kuwa ka san fitilarmu. Sai ya ce akwai wani abu da ake sawa a baki ya tura haɓa gaba, masu ƙera haƙoran roba ke yin sa. Na ce a raina, ashe maganin yana cikin gida, tun da sana'arka ce.

Abin da ke tsakaninku ku kuka sani. Ni dai na gaji da kwana zaune.

Matar ƙaninka,
Nyasembo

Makupa, Mombasa
22 ga Fabrairu, 2003

Omera, ɗan'uwana Odongo,

Ina gaishe ka, ina gaida Nyasembo, barka da samun jika. Mu nan kalau, in ban da gwiwa da ke damuna in zan hau bene.

Kada ka yi wa matarka faɗa, ta yi daidai. Shekara talatin da takwas ina ƙera wa mutanen da ban sani ba abin baki, ba zan ji naka ciwon in yi shiru ba. Na nuna wa likitan da nake wa aiki wasiƙarta, ya ce ana iya gwadawa.

Ka tafi Kisumu wurin Dokta Mukoya, mun yi aiki tare da can, na rubuta masa. Zai duba haƙoranka, ya ba ka wani ƙwaɓi ka ciza, ya zuba siffar bakinka ya aiko mini. Ba ciwo, minti goma ne. Ka tafi, don Allah.

Naka,
Opiyo

Madiany
11 ga Maris, 2003

Omera,

Lafiya lau muke, ruwa ya sauka, mun yi shuka. Ashe kana da hannun rubutu! Na ɗauka kifin teku ya cinye maka yatsu.

Matar nan ta cika ƙari. Wane namiji ne ba ya minshari? Babanmu in ya kwanta har shanu ke tashi tsaye, ya kuma kai tamanin da huɗu. Amma ta tsare ni da ido safe da yamma, na ga ba zaman lafiya, na tafi Kisumun.

Na ce wa Mukoya ɗin nan naka, me ya sa za a wahalar da ni? Ni da Opiyo ciki ɗaya, rana ɗaya, fuska ɗaya, ya auna nasa bakin mana. Ya ce in buɗe. Da na buɗe sai ya yi dariya, ya ce, "Baba, shi ma haka nasa yake?" Na ce ina! Shi ai yaro ne har yau, haƙoransa cif. Na ba shi labarin yadda tsoho Rabuogi ya zo gidanmu muna shekara goma sha biyu, da ɗan ƙarfensa, zai cire mana haƙoran gaba shida na ƙasa, al'adar shiga sahun manya, kamar kowane ɗan gari, aka nemi Opiyo sama ko ƙasa. Ashe ka ba ƙafa iska, sai gidan kawu malamin coci a Ng'iya. Ni na durƙusa ni kaɗai, shida ɗaya bayan ɗaya, ko ƙifta ido ban yi ba. Mukoya ya riƙe baki.

Ka tuna 'yan matan bakin tafki? Ka zo hutu da gajeren wandonka na makaranta, ka yi wa Akumu murmushi, ta ce rufe bakinka, kamar na kare. Kai, ranar na yi dariya har na faɗi cikin ruwa.

To, na ciji laka, ya ce zai aiko maka. Ka ƙera takunkumin naka mu gani.

Zefaniya Odongo

Makupa
29 ga Maris, 2003

Omera,

Gaisuwa. Allah ya sa shuka ta yi kyau. Ga abin nan na aika wa Mukoya, ranar Litinin ka je ya gwada maka.

Siffar bakinka ta kwana uku a kan teburina kafin in iya taɓa ta. Na ɗauka ina juyawa, sai ga haƙorin nan na sama da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, irin nawa sak, wanda Mama ke cewa ko da shi ba ta iya bambanta mu. Sama tawa ce. Ƙasa kuwa fili fetal. Na zauna ina tuna yadda muke satar rake a gonar Ojwang', kai ka ɓare da haƙori ka miƙo mini don ka fi ni sauri. Wannan kafin Rabuogi ne.

Yanzu ka karanta da kyau. Abin guda biyu ne, na sama da na ƙasa, ɗan noti ya haɗa su. Na ƙasa a jikin haƙori yake kamawa, kai kuwa turame bakwai kawai suka rage maka a ƙasa, huɗu dama, uku hagu. Su za su ɗauki nauyin da haƙora goma sha huɗu ke ɗauka a bakin wani. Likita ya ce da shida ma ana iya lallaɓawa, ƙasa da haka abin ba shi da inda zai kama. Bakwai ɗin nan su ne numfashinka.

Akwai ɗan makulli a cikin kwalin. Duk kwana huɗu ka murɗa notin sau ɗaya, sau ɗaya tak. Kowane murɗi yana tura haɓa gaba kamar kaurin farce. Da safe in ka cire, ka ciji 'yar robar nan shuɗiya minti biyar, muƙamuƙi ya koma mazauninsa. Ɗan tsami da safe ba komai. Amma in ciwo ya wuce lokacin shan shayi, a haƙori ko a gaban kunne, ka tsaya, ka koma baya murɗi ɗaya, ka rubuto mini. Daga nan ba na ganin bakinka, abin da ka faɗa mini da shi zan yi aiki. Kada ka wuce takwas sai Mukoya ya gani.

Na fara maka daga ƙasa-ƙasa, don ban sani ba ko bakinka zai iya ɗauka.

Naka,
Opiyo

Madiany
24 ga Afrilu, 2003

Omera,

Muna lafiya, masara ta kai gwiwa. Ka gaida Selina.

Gaskiya ɗaya ce, takunkuminka yana aiki. Kwanan farko na cika matashi da yawu, Nyasembo tana ta dariya wai na zama jinjiri. Amma cikin mako guda na tashi da safe kaina wasai, abin da na manta yadda yake. Lahadi na ji wa'azi daga farko har ƙarshe, na ma gano ashe faston namu ba shi da abin faɗa.

Wani abu kuma, na dawo yin mafarki. Ban san na daina ba sai da ya dawo. Na ga Mama tana shanya ƙananan kifi a kan dutsen nan na bayan gida, tana korar shaho da zane. Na ga tsohon jirgin Baba mai jan baki. Shekaranjiya har kai na gani, muna kora awaki zuwa tafki, kana tafe kana waƙar nan taka marar daɗi. Na farka ina jin warin hayaƙin ɗakin kaka.

Sai dai magana ɗaya ta tsaya mini a wuya. Wai ba ka sani ba ko bakina zai iya ɗauka. Bakina? Opiyo, bakin da ya ɗauki ƙarfen Rabuogi kake tambaya ko zai ɗauki roba? Wannan kwana huɗu-huɗu naka na mutanen birni ne. Ni jirgi nake ƙerawa, in katako bai haɗu ba ɗaurewa ake yi har ruwa ya daina shiga. Kullum nake murɗawa, wata rana sau biyu. Yau murɗi ashirin da uku ke nan. Minshari ya mutu murus.

Ka ce in faɗa maka in da ciwo. Babu.

Odongo

Makupa
3 ga Mayu, 2003

Odongo,

Ka haukace ne? Ashirin da uku! Yau ɗin nan, kafin ka ajiye takardar nan, ka mayar da notin baya zuwa shida, ka tafi wurin Mukoya. Haƙori ba katako ba ne. Za ka tumɓuke su daga saiwa. Kuma ƙarya kake yi, babu bakin da za a ja haka bai yi ciwo ba. Na buga wayar shagon kasuwa sau uku, ba ta shiga.

Ka amsa mini da gaggawa.

Opiyo

Madiany
2 ga Yuni, 2003

Yuora,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yara kalau. Mai gidan ne dai.

Wasiƙarka ta daɗe a akwatin makaranta. Ka san ta nan muke karɓa, malamin da ke ɗauko mana kuwa ya tafi hutu bai dawo da wuri ba. Da ta iso Odongo ya karanta, ya ninke, ya ce, "Kin ji, wai ni maƙaryaci." Ya ƙara murɗi biyu a gabana.

Ni tun kafin nan na gane. Mutumin da ke cin gasasshiyar masara uku a zaune ɗaya ya ce wai ta gundure shi. Rake ya daina. Na dafa masa karfasa, ya tsame romo ya bar kan, Odongo fa, da ba ya yafe wa kowa kan kifi. Tuwo sai ya jiƙa shi ya zama kamar kunu. Da safe in ya cire abin, sai ya zagaya bayan rumbu ya daɗe, ya dawo idonsa jajir. Na ce, "Baban Awino, yana maka ciwo?" Ya ce, "Ke, kin taɓa jin na ce wash?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce to.

Na ɓoye makullin cikin tulun gero. Ya ɗauki ƙusa ya daddake bakinta, ya ƙera wani.

Ranar Talata yana shan koko, sai na ji ƙwas a cikin kofi. Ya yi sauri ya rufe da hannu, amma na gani. Na hagu ne, na can ƙarshe. Ga shi nan na naɗe maka a takarda, ni ban san amfanin da zai yi maka ba, na dai ga ya kamata ka gani. Biyun da ke kusa da shi ma suna girgiɗi, abin ya fara zamewa cikin barci. Daren jiya na sake ƙirgawa, na kai talatin da biyar. Wata biyu na yi ina barci kamar mutum, Yuora, har na yi ƙiba.

Na ce mu je Kisumu, ya ce ba zai je yaro ya rubuta wa wansa cewa ya gaza ba. Da wani ne ya ƙera abin nan da tuni ya faɗi gaskiya. Don kai ne. Ku biyu kun haura sittin, kuna da jikoki, har yanzu kuna tsaye a kan abin da ya faru kafin a haife ni. Ni na rasa inda zan sa kaina.

Nyasembo

Makupa
12 ga Yuni, 2003

Omera,

Ina gaishe ka. Ba zan tambayi lafiyarka ba, haƙorinka yana gabana. Lafiyayye ne, ko ɗigon ruɓa babu, da ya kai ka kabari. Abin da na ƙera da hannuna ne ya cire shi. Rabuogi ya cire shida, ni na cire na bakwai.

Maganar da na rubuta ba gori ba ce. Haka nake faɗa wa kowa, haka na faɗa wa wani ƙaton direban tirela makon jiya. Amma laifina ne, na san wanda nake rubuta wa.

To bari in ba ka abin da kake nema, ko ka huta. Na gudu. Tsoro ne ya kore ni, ba coci ba, ba makaranta ba, duk wannan daga baya na ƙirƙiro. Na ga yadda aka yi wa Ochieng' ɗan baffa, na ga ramin da aka haƙa a gabansa don jini, na kwana uku ba na cin abinci. Ka fi ni zuciya, ban taɓa musu ba. Har wannan sana'ar, ina jin kunya ce ta kai ni, in yini ina cike wa mutane giɓi.

A jana'izar Mama da na tashi zan yi magana cikin dattawa, ka ce yara su jira a gama. Aka yi dariya, ni ma na yi. Washegari na shiga motar farko. Sau nawa na sayi takarda zan rubuto maka, in ajiye. Ina kewar gida, Odongo. Nan in na ji ƙamshin ruwan sama a kan ƙasa sai in tsaya a bakin titi kamar wawa. Teku ba tafki ba ne, ko warinsu ba ɗaya ba.

Ka ci, na yarda. Yanzu saura shida, kuma shida ne iyaka. In ɗaya ya ƙara fita, ba ni da wata dabara, ba Mukoya, ba kowa. Ka bar sa abin kwana bakwai, ka kwanta ta gefe, Nyasembo ta sa maka matashi a baya. Sannan ka mayar da notin shida. Ba jarumtakarka nake aunawa ba, haɓarka nake aunawa, kuma ba ni da ma'auni sai bakinka. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, yana kai wane lokaci? Abin da nake tambaya ke nan.

Wanka,
Opiyo

Madiany
1 ga Yuli, 2003

Omera,

Gaisuwa. Mun fara cin sabuwar masara, wato su sun fara. Jikan yana zama da kansa.

Na karanta takardarka a cikin jirgin da nake ƙerawa, don kada matar nan ta ga fuskata. Na mayar da notin shida. Ga amsarka.

Da ciwo. Tun murɗi na tara. Gaban kunnen hagu kamar ana buga ƙusa, yana kai azahar, wata rana har yamma. Turamen hagu biyu in na taɓa da harshe suna motsi, na ciki ya fi. Na dama ɗaya yana tsami in na sha ruwan sanyi. Bayan rumbu da nake zuwa, kaina nake jinginawa a bango har abin ya lafa. Ka rubuta a littafinka.

Tun da an fara, bari in ƙarasa. Na Rabuogi ma da ciwo. Ban yi kuka ba don bakina cike yake da jini kuma Baba yana tsaye a kaina da sanda. A na huɗu na jiƙa wandona, Mama ce ta yafa mini zanenta kafin kowa ya lura, ta kuma tafi da maganar kabari.

Ka ce na fi ka zuciya. Kai, Opiyo. Ana gobe za a yi, na saci dafaffen rogo biyu na ɓoye ƙarƙashin tabarmarmu a ɗakin kaka, ɗaya naka ɗaya nawa. Na ce zakara na cara zan tashe ka mu gudu Ng'iya. Ban faɗa maka ba don ina jin kunya, na ɗauka kai ba ka tsoro. Barci ya sace ni, ka san ni da barci. Na buɗe ido gari ya waye, wurinka babu kowa, Rabuogi yana wasa ƙarfe a tsakar gida.

Shekara hamsin da ɗaya ina ce maka matsoraci a gaban mutane. Ban taɓa jin haushin gudunka ba ko rana ɗaya. Tare muka zo duniya, tabarma ɗaya muke kwana, ka tsallake ni ka fita. Me ya sa ba ka tashe ni ba?

Ba zan je wurin Mukoya ba, ba na son hannun kowa a bakina sai naka. Ka hau jirgin ƙasa zuwa Kisumu, motar Bondo tana tashi da hantsi, daga can ba ka manta hanya ba. Nyasembo ta share ɗakin Mama. Ka taho da kayan aikinka ka duba shidan nan, ko za su tsaya.

Ka zo, Opiyo. Ba na iya tauna komai, kuma ina jin tsoron barci.

Ƙaninka,
Odongo